Kurakuran ajiye sakamakon kod a cikin takarda, da yadda ake gyara su

Kowace Litinin nakan haɗa wa wani dattijonmu a kasuwar Mile 12 ta Legas rahoton farashin tumatir, tattasai da albasa. Takarda ɗaya ce ta R Markdown, bayani da kod (umarnin kwamfuta) na harshen R a haɗe, salon da Donald Knuth ya gabatar a 1984. Lissafin yana cin lokaci, ga wutar Legas ba tabbas, man janareta kuma ba arha, sai na sa cache=TRUE a gaɓar kod ɗin da ke karanta bayanan, don ta ajiye sakamakonta, kada ta riƙa maimaita aiki.

Ran nan ya kira ni da sassafe: "Malam, ai wannan farashin makon jiya ne. Motoci sun shigo daga Kano, kwando ya sauka." Gaskiyarsa. Na sabunta fayil ɗin farashi, amma knitr, manhajar da ke gudanar da kod ɗin takardar, bai sani ba.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mutane, kuma daga rashin sanin abin da ajiyar ke dubawa yake tasowa. Rubutun kod ɗin da saitin gaɓar kawai knitr ke dubawa, ya fitar musu da hatimin MD5, wato wata lamba da ke sauyawa in rubutun ya sauya. In hatimin bai canza ba, tsohon sakamako zai miƙo maka, ko da an juye fayil ɗin gaba ɗaya. Org-mode, wani tsarin irin wannan takarda a manhajar Emacs, ma haka yake da :cache yes, sai dai hatimin SHA1 yake amfani da shi. Gyaran a knitr shi ne ka ɗaura ajiyar da fayil ɗin kansa, wato ka ƙara cache.extra = tools::md5sum("farashi.csv"). Da layi ɗaya ya canza a ciki, gaɓar za ta sake gudana. A Org kuwa, C-u C-c C-c na tilasta mata ta sake.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne ka gyara gaɓar sama, ta ƙasa mai cin abin da ta sama ta fitar tana nan da tsohon lissafi. Sa wa ta ƙasan saitin dependson da sunan ta saman, don ta sake gudana in ta saman ta canza.

Kada ka ajiye gaɓar da ke saita options(), domin ranar da aka ɗauko ta daga ajiya saitin ba zai hau ba. Mai ɗauko kwanan wata ma haka, za ta daskare a ranar farko. Ni yanzu duk gaɓar da ba ta kai daƙiƙa goma ba, ba na ajiye ta.

Masu Jupyter, wata manhajar haɗa bayani da kod, taku matsalar ta fi ɓuya. Ka gudanar da gaɓa ta biyar, ka koma ta biyu, ka goge ta uku, amma abin da ta ukun ta ƙirƙira yana nan a ƙwaƙwalwar kwamfuta. A wurinka komai lafiya lau, abokin aikinka a Yaba ya buɗe, takardar ta tsaya cak. Dubi lambobin gefen gaɓoɓin: in ba a jere suke daga 1 ba, kada ka yarda da abin da kake gani. Danna Restart and Run All kafin ka tura.

Ni dai tun kiran nan, daren Lahadi nake goge jakar da sunanta ya ƙare da _cache, in bar takardar ta gudana daga farko, sannan in kira yaron shagon dattijon ya faɗa mini nawa aka sayar da kwando ranar Asabar, in gwada da abin da ya fito.