Auna Lafiyar Ƙasar Noma Daga Sama: Inda Sababbin Masu Bincike Ke Tuntuɓe

Tun da Amurka ta buɗe rumbun hotunan taurarin ɗan adam na Landsat kyauta a 2008, Turai kuma ta harba nata tauraron, Sentinel-2, a 2015, ɗalibin da ke Samaru ko Jami'ar Bayero na iya leƙa kowace gona daga kwamfutarsa bai biya ko kwabo ba. Sauƙin nan ne ya jawo matasa cikin fannin, shi ne kuma ke sa wasu su manta cewa tauraron ɗan adam fatar ƙasa kawai yake gani, alhali saiwar gero a ciki take cin abinci.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar koren gona a matsayin lafiyar ƙasa. Ma'aunin NDVI, wanda kowa ke farawa da shi, ganye yake aunawa. Gonar da ta gaji, in aka watsa mata takin zamani, za ta fito kore shar bayan mako biyu. Ciyawa ma kore ce. Gona mai ƙarfi da aka makara wajen shuka kuwa sai ta fito kamar fako. In kana son kore ya gaya maka wani abu game da ƙasa, bi gonar shekaru da dama a jere, ka haɗa da bayanan ruwan sama, ka kuma tambayi mai ita abin da ya zuba da ranar da ya yi shuka.

Sai zaɓen lokaci. Da damina gajimare ke rufe hoto, amfanin gona kuma ya rufe ƙasa, saboda haka hankali kan koma rani. To amma ranin ma da nasa: ƙurar hunturu tana dusashe launi, ga karan dawa, ga tokar sassabe, ga tulin takin gida da aka jibge ba a baza ba. A wajen Maraɗi da Damagaram, inda manoma ke rainon itatuwa a gona, gawo yana fitar da ganye ne da rani, daidai lokacin da kake zaton ƙasa tsirara take. Maganin shi ne kada ka dogara da hoto guda. Tara hotunan shekaru, ka tace ɗigon hoto (ƙananan murabba'an da suka haɗu suka yi hoton) da ƙasa ke fili da gaske, ka haɗa su wuri ɗaya. Tauraron Sentinel-1 yana ratsa gajimare saboda da na'urar rada (radar) yake aiki, amma danshi da kaushin ƙasa yake ji, bai san taki ba.

Girman ɗigo ma wasu ba sa lissafa shi. Ɗigon Landsat mita 30 ne tsawo da faɗi, wato kadada guda ɗigo 11 ce da 'yan kai. Na Sentinel-2 mita 10 ne, sai dai sassan hasken da suka fi amfani wajen gane laka mita 20 suke. Ƙaramar gona mai gero da wake, da hanya a gefe, tana iya cakuɗewa da ta maƙwabci. Ƙara da kuskuren GPS na waya, mai kai mita da dama. Saboda haka ɗebi samfuri nesa da iyakar gona, daga wurare da yawa, ka gauraya. Tauraron SMAP kuwa, mai auna danshin santimita 5 na saman ƙasa, ɗigonsa ya kai kilomita 36, bai dace da zancen gona ɗaya ba.

Inda na fi ganin ana yaudarar kai shi ne wajen gwada ingancin hasashen da kwamfuta ke yi na halin ƙasa daga hoto. Mutum ya ɗebo samfuri daga ƙauyuka uku, ya bar kwamfuta ta raba su barkatai, wasu na koyo wasu na gwaji, sakamako ya fito gwanin sha'awa. Ai samfuran da ke maƙwabtaka dama kama suke yi, kamar ɗalibi ne ya ga takardar jarrabawa tun dare. Ware ƙauye sukutum, kada lissafin ya taɓa ganinsa, sannan ka gwada a kai. Makin zai faɗi ƙasa, amma shi ne na gaskiya. Haka nan kada ka ɗauki taswirar SoilGrids mai mita 250 ko iSDAsoil mai mita 30 a madadin awon ɗakin gwaje-gwaje, domin su ma hasashe ne. Kuma ka yi hattara da alkawarin taswirar fosfaras, sinadarin da manomi ke nema a takin supa: ƙarancinsa babbar matsala ce a yankinmu, amma hoto ba ya ganinsa kai tsaye.

Ta fuskar neman aiki, danna maɓallan manhajar taswira ta QGIS kaɗai ba ya kai mutum ko'ina. Koyi harshen kwamfuta na R ko Python, ka saba da dandalin sarrafa hotunan tauraro na Google Earth Engine, sannan ka nemi zama na watanni a ɗakin gwajin ƙasa, ka ga yadda ake shanya samfuri, a tankaɗe, a auna tsami da kabon. Cibiyoyi irin su cibiyar binciken noma ta IAR a Samaru, cibiyar hukumar sararin samaniya ta NASRDA da ke Jos, cibiyar noma da yanayi ta AGRHYMET a Yamai ko cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore ta Nijar suna aiki inda ilimin hoton tauraro da na gwajin ƙasa ke haɗuwa. In ka fita ɗiban samfuri, rubuta sunan da manomi ya ba ƙasarsa, jigawa ce, laka ce ko jangargari, kusa da lambar GPS, ka kwatanta shi da sakamakon gwaji kafin ka amince da taswirarka.