Yadda Za a Shirya Lacca Kan Fitattun Mutanen Guyana ga Ɗalibai Hausawa a Madina

Duk wanda aka ɗora wa nauyin gabatar da wannan batu a zaman mako na ɗalibai, ya kamata ya fara da taswira kafin ya shiga sunaye, domin da yawa daga masu sauraro za su ɗauka Gini ko Gana ake nufi. A ɗora yatsa a kan gaɓar arewa ta Kudancin Amurka, a faɗa musu cewa Georgetown ne babban birnin ƙasar, kuma ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1966.

Daga nan sai a zaɓi mutum ɗaya a ba shi rabin lokacin, kuma a ganina Walter Rodney ne ya fi cancanta, saboda aikinsa ya shafe mu kai tsaye. Masanin tarihi ne da aka haifa a 1942, ya koyar a Jami'ar Darussalam ta Tanzaniya, sannan a 1972 ya fitar da littafinsa da ya bayyana yadda cinikin bayi da mulkin mallaka suka kwashe arzikin Afirka aka gina Turai da shi. A tsamo sakin layi ɗaya daga littafin, a fassara shi da Hausa tun a ɗaki, a karanta wa jama'a a tsanake, kafin a sanar da su cewa bam ne ya hallaka shi a Georgetown a 1980, yana da shekara 38.

Sauran a bi su a taƙaice. Shridath Ramphal ya riƙe muƙamin babban sakataren ƙungiyar ƙasashe renon Ingila daga 1975 zuwa 1990, kuma Emeka Anyaoku na Nijeriya ne ya gaje shi. Mohamed Shahabuddeen kuwa ya yi alƙalanci a Kotun Duniya daga 1988 zuwa 1997.

A ajiye Mohamed Irfaan Ali zuwa ƙarshe, domin da zarar 'yan'uwa sun ji cewa Musulmi ya zama shugaban ƙasar a 2020, tambayoyi za su yi yawa, ga shi lokacin da ke tsakanin Magariba da Isha'i ba shi da tsawo. A nan wajibi ne mai lacca ya fayyace cewa Musulmi tsiraru ne a Guyana, kuma akasarinsu jikokin 'yan ƙwadagon Indiya ne da Turawan Ingila suka fara kaiwa gonakin rake a 1838, bayan an haramta bauta.