Yadda Za Ka Sa Giyar CVT Ta Daɗe Ba Ta Mutu Ba

Duk wanda ya sayi Corolla ƙirar 2014 zuwa sama, ko Accord mai silinda huɗu daga 2013, ko Altima daga 2007, ko Murano ta kafin 2025, to da wuya a ce ba giyar CVT ce a motarsa ba, ko da dillali ya ce masa “otomatik ce kawai”. Tambayar da ake yawan yi ita ce: kilomita nawa take yi kafin ta gaji? Wadda aka kula da ita tana iya wuce kilomita 250,000 lafiya lau. Wadda aka yi wa riƙon sakainar kashi kuwa, kafin ta cika 100,000 sai ka ji ta fara kuka.

Ita wannan giya ba ta da lamba ɗaya, biyu, uku. Fuli biyu ne a cikinta, wato faya-fayan ƙarfe masu juyawa, masu buɗewa da tsukewa, da bel na ƙarfe a tsakaninsu (ta Subaru sarƙa ce). Ƙarfin mai ne yake matse bel ɗin don kada ya zame. Da zarar man ya lalace ko zafi ya yi yawa, bel ya fara zamewa yana kankare fuli, shi ke nan.

Mataki na 1: Gane irin giyarka

Duba littafin motar, ko ka sa a bincika da lambar shasi. Motocin Toyota masu haɗa fetur da batir, irin Prius, ana kiran tasu e-CVT, amma babu bel a ciki, don haka yawancin wannan bayani bai shafe su ba. Masu Nissan su ne za su fi buɗe ido: kamfanin da kansa ya taɓa tsawaita garantin wannan giya a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 120,000 ga motocin 2003 zuwa 2010, saboda yawan ƙorafi.

Mataki na 2: Kada ka bari a zuba mata man giya na gama-gari

A nan ne mafi yawan giyoyi suke mutuwa. Man otomatik na yau da kullum, wanda ake kira ATF, an yi shi ne don wata irin giya daban. Man CVT kuwa aiki biyu yake yi lokaci guda: yana hana ƙarfe cin ƙarfe, yana kuma taimaka wa bel ya kama fuli. Nissan tana amfani da mai mai suna NS-2 a tsofaffin motocinta, NS-3 a sababbi. Honda daga wajen 2013 HCF-2 take sha. Toyota kuma akwai TC, akwai FE, gwargwadon ƙirar. Idan makanike ya ce maka “ai duk mai mai ne, Alhaji”, ɗauki makullinka ka yi gaba. Ka sayi man da kanka a wurin da ka amince da shi, ka tsaya a buɗe galan a gabanka, domin jabu ya cika kasuwa.

Mataki na 3: Canja man a kan lokaci

Za ka ji ana cewa man ba ya buƙatar canji har abada. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa a cunkoson Kano cikin watan Afrilu ba. A zafi irin wannan, canja shi duk kilomita 40,000 zuwa 50,000. Motar da ka sayo 'yar Kwatano, ba ka san tarihinta ba, canja nan take.

A tsiyaye tsohon man ne a zuba sabo, ba a tura shi da na'urar wanke giya ba. A sauke farantin ƙasan giyar a duba maganaɗisun da ke ciki: baƙin gari kaɗan ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli alama ce cewa ciki ya fara cinyewa. A canja filta. Da yawa daga cikin waɗannan giyoyi ba su da sandar awon mai, ana daidaita shi ne da kwamfuta yayin da zafinsa yake tsakanin digiri 35 da 45. Man ya yi yawa matsala, ya yi kaɗan matsala.

Mataki na 4: Gyara yadda kake tuƙi

Kada ka fizgi mota daga tsaye. Ka tsaya cak kafin ka sauya daga D zuwa R. A kan gangara riƙe ta da birki, ba da totur ba. Idan ta kafe a yashi ko taɓo, kada ka yi ta taka wuta tayoyi suna juyawa a banza. Lokacin da taya ta kama ƙasa kwatsam, bel ne yake shan dukan. A tura ta. Lodin buhuna da jan wata mota kuma ba aikinta ba ne.

Mataki na 5: Kula da lagireto

A motoci da dama ruwan inji ne yake sanyaya man giya. Fanka ta mutu ko lagireto ya toshe, giya ma ta shiga uku.

Mataki na 6: Saurari kukanta

Idan ka ji ƙara mai kamar fito tana ƙaruwa da gudu, ko karkarwa lokacin tashi, ko inji yana ihu mota ba ta gaba, je a sa mata kwamfuta a ranar. Idan kuma a doguwar tafiya ta rage gudu da kanta ta ƙi ja, zafi ne ya sa take kare kanta. Faka a gefe, ka ba ta kamar minti 20 ta huce, sannan ka lallaɓa da ita zuwa gareji.