Darasi na 9: Mayar da tsohon man suya ya zama man gas

Duk mai injin niƙa ya san kukan tsadar man gas. To man nan da Hajiya mai ƙosai ko mai awara ta soya da shi har ya yi baƙi, ana iya gyara shi ya tada injin dizal. Ba yau aka fara ba, tun 1900 a baje kolin birnin Faris aka nuna inji yana aiki da man gyaɗa. Amma dan Allah banda injin fetur, banda babur.

Ku fara da lita 1 kawai. Za ku nemi metanol mililita 200 a shagon masu sayar da kemikal, da sodar da mata ke yin sabulu da ita. Sabon mai giram 3.5 na soda ya ishe shi, tsohon mai kuwa yana cin fiye da haka, kamar giram 5 zuwa 6, gwargwadon yadda ya sha wuta.

Kafin komai, maganar metanol. Guba ce wallahi, ɗan kaɗan in aka sha yana makantar da mutum ko ya kashe shi, yana shiga ta fata, tururinsa ma illa ne, ga kama wuta kamar fetur. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, a sa safar hannu da tabarau, a kori yara, kuma kar a taɓa zuba shi a gorar ruwan sha. Soda kuma tana cin fata tana cin tukunyar alminiyam, sai a nemi ta sitil ko roba mai kauri.

A tace man da kyalle a cire ƙonannen gari, sannan a ɗora a wuta ya wuce digiri 100 har ya daina tartsatsi, alamar ruwan ciki ya fita kenan. Nan ne ake faɗuwa. Ni karon farko gaggawa na yi ban bari ya bushe ba, da na haɗa sai abin ya daskare ya yi kauri kamar kunun da ya kwana, sabulu na yi ba mai ba, ranar raina ya ɓaci sosai don metanol ɗin ba arha ba ne.

A sauke a kashe wutar gaba ɗaya, a bar man ya huce zuwa digiri 55, kar ya fi haka don metanol yana tafasa tun a 65. A narkar da sodar cikin metanol a gora mai murfi har ƙwayoyin su ɓace, a zuba cikin man a hankali a yi ta juyawa awa 1, sai a rufe a bar shi ya kwana.

Da safe za ku ga ya rabu biyu. Na ƙasa mai duhu gilisarin ne, a ware shi nesa da dabbobi don akwai sauran metanol a ciki. Na sama mai launin zuma shi ne man. A wanke shi da ruwan ɗumi ba tare da girgizawa da ƙarfi ba, ruwan zai kwanta ƙasa fari kamar nono a zubar, a maimaita sai ya fito garau, sannan a shanya man har ya washe.

Farkon amfani ku gauraya kashi 1 da man gas kashi 4. Ku riƙa duba filta, don man yana wanko dattin tanki ya toshe ta, kuma wanda aka yi da manja yakan daskare in hunturu ya yi tsanani.