Yadda na shirya wa jarabawar TRCN da manhajar waya

Shekara bakwai ina riƙe da alli a firamare kafin in zauna jarabawar TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993. Tun 2017 a kwamfuta ake yin jarabawar, kuma rukuni huɗu ne: A masu digirin digirgir, B masu digiri na biyu, C masu digirin farko, sai mu 'yan NCE a D. Kafin ka sauke kowace manhajar gwaji, duba ka ga rukuninka ta tanada, kuma tambayoyinta sun dace da manhajar karatun da hukumar ke aiki da ita yanzu, don akwai masu ɗauke da tsohon kaya.

Ranar farko kada ka karanta komai. Shiga ka yi gwaji cikakke da agogo a kunne, ka ci abin da za ka ci. Ni 41 cikin 100 na samu, har kunya ta hana ni gaya wa maiɗakina.

Makin nan na sama ba shi ne abin dubawa ba. Gangara ƙasa, inda manhajar ke fasa sakamakon fanni-fanni, ta nuna inda ka ci, inda ka faɗi, da daƙiƙun da kowace tambaya ta cinye maka. Nan ta tona mini asiri. Ni da nake ganin kwamfuta ce za ta kayar da ni, ashe a wajen auna ƙwazon ɗalibai da dabarun koyarwa nake zubar da maki, abin da kullum nake yi a aji! Aikin na iya, sunayen da littafi ya ba su ne suka gudu tun barina kwaleji. Tambayoyin lissafi kuwa ina cin su, amma kowace sai ta riƙe ni kusan minti biyu.

Sai na samu littafin rubutu mai shafi arba'in na raba shi gida biyu don rubuta abin da na faɗi a gwaji: wanda ban sani ba, da wanda na sani amma gaggawa ta sa na kuskure. Na farkon shi ke buƙatar komawa takardun kwaleji; na biyun natsuwa kawai yake so. Bayan sallar asuba nake ba fanni mafi rauni rabin awa, gwaji cikakke kuma sai Asabar.

Hattara da abu guda. A mako na uku makina ya haura 80, na fara hura hanci, sai na lura tambayoyin ne ke maimaita kansu na haddace. Idan ka ga haka, canza rumbun tambayoyi. Kuma manhajar kanta tana kuskure. Sau biyu na kama tawa da amsar da ta saɓa wa littafi, na bi littafin.

Saura mako biyu, ka ajiye waya ka je shagon kwamfuta ka biya kuɗin awa ɗaya, ko sau uku ne. Dangwala allo da yatsa daban, riƙe linzamin kwamfuta daban. A ɗakin jarabawa wata malama kusa da ni ta daɗe tana fama da shi kafin mai sa ido ya zo ya nuna mata inda za ta latsa, agogo kuwa yana ta tafiya.