Yadda za a gudanar da kakar wasan kurket ta cikin gida a lokacin annoba

Tun daga ranar 30 ga Maris, 2020, da aka sa dokar kulle a Abuja da Legas da Ogun saboda cutar korona, wasanni suka tsaya cak, har da na kurket da ake bugawa a harabar filin wasa na ƙasa na Moshood Abiola. Tun da babu wanda ya san ranar da wata annobar za ta sake ɓullowa, ya kamata masu shirya gasa a Abuja su san abin da za su yi tun kafin buƙatar ta taso. Doguwar gasa ita ce ta fi wahalar shiryawa a irin wannan hali, wato wadda ake kira mai daraja ta ɗaya, inda ake kwana uku ko fiye ana wasa guda, kowace ƙungiya ta 'yan wasa 11 ta yi bugu sau biyu, wato ta samu zagaye biyu na buga ƙwallon da abokan karawa ke jefowa don tara maki. Najeriya ba ta da gasa mai wannan matsayi tukuna, amma wasan kwana biyu ko uku tsakanin ƙungiyoyinmu zai gamu da matsaloli iri ɗaya.

Abin da za ku fara yankewa shi ne wurin wasa, domin a hanya ake kwaso cuta fiye da a cikin fili. Indiya ta soke gasar kofin Ranji ta kakar 2020/21, karo na farko tun da aka fara ta a 1934, 'yan wasa da dama kuma suka rasa kuɗin da suke samu a kowane wasa. Ingila ta raba ƙungiyoyinta 18 gida uku bisa maƙwabtaka, shida-shida, ta fara kofin Bob Willis a ranar 1 ga Agusta, 2020. Pakistan kuwa ta tattara ƙungiyoyinta shida a birnin Karachi, aka yi gasar Quaid-e-Azam a can daga farko har ƙarshe. A ganina tsarin Pakistan ne ya fi dacewa da mu: a kira ƙungiyoyin Kaduna da Filato da sauransu su zo Abuja sau ɗaya, a duba lafiyarsu, a sauke su a masauki guda kusa da fili. Su ma 'yan gida a sauke su tare, domin yaron da zai shiga motar haya daga Nyanya ko Kubwa kowace safiya ya rushe duk tsarin. A kafa doka mai tsauri kan fita, kamar yadda Ingila ta ajiye ɗan wasanta Jofra Archer daga wasa na biyu da ƙungiyar West Indies a Yulin 2020 saboda ya biya ta gidansa a hanya.

Bayan wuri sai rubutacciyar yarjejeniya, kuma a nan ne nake roƙon masu shiri su fi ɓata lokaci. Kafin a jefa ƙwallon farko, shugabannin ƙungiyoyi su zauna su sa hannu kan abin da za a yi idan aka samu mai cutar ana tsakiyar wasa. Hakan ya faru a Ingila a Satumban 2020, inda aka dakatar da wasan Gloucestershire da Northamptonshire a ranarsa ta farko. A rubuta yadda za a raba maki a irin wannan wasa, da yawan 'yan wasan da ƙungiya za ta rasa kafin a ɗage mata wasa, da sharaɗin maye gurbi, wato mai jifa ya maye mai jifa, mai bugu ya maye mai bugu, don kada wani ya fake da cuta ya sauya dabara. A rubuta wanda zai ɗauki kofi idan gasar ta katse, kamar yadda aka ba New South Wales kofin Sheffield Shield a Ostireliya a Maris ɗin 2020 saboda ita ce kan gaba a teburi. Haka nan wasan ƙarshe idan bai rabu ba: Essex ta ɗauki kofin Bob Willis a filin Lord's ne domin ta fi Somerset maki a bugun farko, kuma kowa ya san dokar tun kafin a fara. Likita ne zai ce wane ya fita, ba koci ba. Sannan a ci gaba da biyan wanda aka killace alawus ɗinsa cif-cif, domin matashin da ya san zazzaɓi zai hana shi kuɗin abinci zai sha magani a ɓoye ya shiga fili.

Sai batun yawu. 'Yan wasa sun saba shafa yawu a gefe ɗaya na ƙwallo su goge a wando har ya yi sheƙi, domin ƙwallon ya riƙa karkata a iska. Hukumar kurket ta duniya, ICC, ta hana wannan a Yunin 2020, ta bar amfani da gumi, ta ce a yi wa ƙungiya gargaɗi sau biyu, daga nan a ba abokan karawarta maki 5, a kuma goge ƙwallon kafin a ci gaba. Hannu yana zuwa baki ba tare da mai shi ya sani ba, saboda haka a fara hana ɗabi'ar tun a wurin atisaye. Alƙalin wasa ya daina riƙe wa mai jifa hula da rigar sanyi. Mai jifa ya ajiye su a bayan inda yake fara gudu.

Matsalar da ta fi damun mu a nan ita ce aron kaya. Kayan kurket suna da tsada, sau da yawa hular kwano biyu da safar hannu kaɗan ne ke zagaya ƙungiya duka, wanda aka fitar ya cire jiƙe da gumi ya miƙa wa mai shiga. Idan kuɗi bai kai a saya wa kowa nasa ba, a tanadi aƙalla saiti huɗu, biyu a fili, biyu an goge su an shanya a rana. Kowa ya sami gorar ruwansa da sunansa a jiki, a raba abinci a kwano ɗaiɗai maimakon faranti guda, a kuma kafa rumfa a waje a bar cunkushewa a ɗakin sauya kaya.

Kada a manta da jikin masu jifa da ƙarfi. Wanda ya yi watanni a gida, idan aka ɗora masa jifan yini guda, baya ko cinya za su ba shi matsala. Dalilin da ya sa ke nan Ingila ta ƙayyade bugun farko a oba 120 a kofin Bob Willis na 2020, ta kuma rage na kowace rana zuwa oba 90, kowace oba kuwa jifa shida ce. A ba su makonni na atisaye ana ƙara nauyi sannu a hankali, a kuma taho da masu jifa fiye da yadda aka saba. Game da lokaci, damina a Abuja takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, don haka rani ya fi, sai dai hunturu yana zuwa da tari da mura masu kama da alamun cutar. Duk mai tari a ware shi a gwada shi, kada a ce ai iska ce.

'Yan kallo kuwa, a bi abin da hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, da mahukuntan lafiya na Abuja suka ce a lokacin, a karɓi izini a rubuce. Idan an hana taro, waya mai kyamara a kan sanda a bayan mai jifa ta isa a watsa wasan kai tsaye a Facebook ko YouTube, a sa mutum ɗaya yana faɗin maki da Hausa da Turanci bayan kowace oba, wani kuma yana lura da caji da data.