Yadda na gyara rubutun RDS da ke fitowa a hargitse

Sunan shiri yana fitowa a fuskar rediyon mota da wasu alamomi marasa kan gado. Laifin ba na na'urar ba ne: jerin haruffan RDS, wato tsarin da tashar FM ke aika rubutu zuwa fuskar rediyo da shi, ba shi da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ. An adana fayil ɗin rubutun da tsarin adana haruffa na UTF-8, inda kowane harafi mai lanƙwasa ke cin bayit biyu, manhajar da ke aika rubutun kuwa tana karanta bayit ɗin ɗai-ɗai.

Na mayar da haruffan k, d, b da 'y, na sake adanawa da wani tsarin, wato ANSI, a manhajar Notepad. Sunan tasha kada ya wuce haruffa 8, har da tazara. RadioText kuma, wato dogon saƙon rubutu na RDS, haruffa 64 ne, abin da ya ɗara sai a datse shi. "Ƙasa" ta koma "kasa", babu daɗi, amma tana karantuwa.